Na Buga Bulo 2,000, Amma Ba a Raba Gonar Gado Ba

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a garin Gombe, da mata ɗaya da yara huɗu. Shekara 11 ke nan ina zaman haya, bana kuma mai gida ya sake ƙara kuɗi, ya ce in ba zan iya ba akwai masu jira. Mahaifinmu ya rasu shekara 3 da suka wuce, ya bar gona mai kusan hekta 2 a ƙaramar hukumar Akko, gaba da Tumfure, inda gine-gine suka fara matsowa. Har yau ba a raba gadon ba. Mu huɗu ne, ni da yayana da ƙannenmu mata biyu masu aure, sai mahaifiyarmu. Yaya ne ke noma gonar tun Baba yana raye, da ita yake riƙe iyalinsa, daga cikinta kuma yake kai wa Inna hatsi. Gonar ba ta da wata takarda, kowa dai ya san ta gidanmu ce tun zamanin kakanmu.

Na yi adashi, na haɗa da ɗan bashin ƙungiyarmu ta wurin aiki, na buga bulo 2,000. Ina so in yanki gefen da ke bakin hanya in gina ɗaki uku. Na je wurin mai unguwa, ya ce in yi ginina, gonar ubana ce, ba mai taɓa ni. Wani abokin aikina kuma ya ce in ban nemi izinin hukuma ba, wata rana zan wayi gari in tarar da jan fenti a bango. Da na faɗa wa Yaya niyyata sai ya ce in jira, tun daga ranar kuma ya daina ɗaga wayata. Inna ta ce ba ta son abin da zai raba kanmu. Matata kuwa ta matsu mu bar haya. Shin sai na nemi izini kafin in yi gini a gonar gado? A ina ake nema? Kuma ta yaya zan shawo kan Yaya?

Wani malami, daga Gombe

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta, Ya albarkaci abin da ya bari. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na ji nauyin da ke kanka. Wanda bai taɓa zaman haya ba ba zai san yadda gaba ke faɗuwa ba idan shekara ta zagayo aka ji sallamar mai gida a ƙofa, ko yadda ake tsawata wa yaro don ya zana alli a bangon da ba na ubansa ba. Mutumin da ya danne cikinsa da albashin koyarwa har ya tara bulo 2,000 ya cancanci a yaba masa, kuma burinka na rufa wa iyalinka asiri buri ne mai kyau. Ina so ka samu gidan nan. Saboda ina so ka same shi ne zan fara da roƙonka abu guda: kada ka haƙa fandisho yanzu, kada ma ka sauke bulo ko ɗaya a gonar. Ka bar su a gidan bulo, ko ka kai su wani wuri na amana a jera su. Bulo ba ya tsami. Amma ranar da Yaya ya fita gona da sassafe ya tarar da tifa ta juye yashi a kan kunyoyinsa, maganar da za a iya gamawa a kan tabarma ta koma ta gaban alƙali.

Izini biyu kake buƙata, na gida da na hukuma, kuma na gidan ne a gaba, don ko ka je ofis ma tambayar farko da za a yi maka ita ce: wannan fili naka ne? A yau amsar ita ce kana da haƙƙi a cikin gonar, amma babu taku ɗaya da za ka nuna ka ce nan ne naka kai kaɗai. Kowane lungu na gonar, har da bakin hanyar da idonka ke kai, na ku biyar ne a haɗe har sai an raba.

Bari mu yi ɗan lissafi don ka ga girman abin da ake magana a kai. Idan magadan su ne waɗanda ka lissafa kawai, wato iyayen Baba sun riga shi rasuwa, ba shi da wata matar, an kuma biya bashi an cika wasiyya, to Inna tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, sauran kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i. A kasa gonar gida 48: Inna 6, kai 14, Yaya 14, kowace ƙanwa 7. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka rabonka a hekta 2 ya ɗan haura murabba'in mita 5,800. Fuloti mai ƙafa 100 tsawo da ƙafa 100 faɗi bai wuce murabba'in mita 930 ba. Ka ga ke nan rabonka ya kai irin wannan fuloti shida kafin a cire hanya, kai kuma ɗaya kake buƙata. Ba ka nemi abin da ya fi ƙarfin haƙƙinka ba. Sai dai akwai wurin da lissafin igiya ke yaudara, shi ne daraja. Taku ɗaya a bakin hanya ya fi taku biyu ko uku a can ƙuryar gona tsada, kuma kowa a gidanku ya san haka ko bai furta ba. Idan ka ɗauki bakin hanya, adalci shi ne a yi wa gonar ƙima, wanda ya samu wuri mai tsada ya karɓi ƙasa kaɗan ko ya cika wa sauran da kuɗi. Wannan lissafin nawa na haska maka hanya ne kawai. Rabon na ainihi malami masanin gado ne zai yi shi, ya fi kyau kuma a kai shi gaban alƙali a rubuta, kowa ya sa hannu ya karɓi kofinsa, da shaidu da maƙwabtan gona a tsaye. Takardar nan ce tushen duk wata takarda da za ka nema nan gaba. Kuma ka san gargaɗin da ya zo a ingantaccen hadisi game da wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Na san ba niyyarka ba ce, amma gini a kan gadon da ba a raba ba hanya ce da mutumin kirki kan faɗa cikin haƙƙin 'yan'uwansa bai sani ba.

Yanzu Yaya. Ka ce ya daina ɗaga waya, kuma na ji zafin hakan a rubutunka. Ka ɗan tsaya a inda yake tsaye. Kai kana da albashi, komai ƙanƙantarsa, ƙarshen wata yana zuwa. Shi albashinsa shi ne buhunan masara da wake da yake ɗaurewa da kaka. Shi ya yi ta jigilar taki zuwa gonar nan shekara da shekaru, shi ya san inda ruwa ke kwanciya da inda ƙasa ta gaji. Da ka ce masa za ka yanki ɗaki uku, abin da kunnensa ya ji daban ne. Ya ji cewa yau kai, gobe mazajen ƙannenku za su ce a ba matansu nasu su sayar, jibi dillalai sun shigo da igiya, shi kuma ya tashi da shekara hamsin ko kusa, ba gona ba sana'a. Ya ga yadda aka yi da gonakin da ke tsakaninku da gari, ya san ba tatsuniya ba ce. Shirunsa na tsoro ne, ga kuma kunyar ya buɗe baki ya ce wa ƙanensa yana tsoro.

Wannan ba ya ba shi ikon hana rabon gado. Noman da ya yi, komai daɗewarsa, bai mayar da gonar tasa shi kaɗai ba, kuma jinkirta rabo shekara bayan shekara shi ke haifar da rigimar da jikoki ke gada, lokacin da magada biyar suka zama talatin. Amma kana iya neman haƙƙinka ta hanyar da za ta kwantar masa da hankali. Ka je masa da tayi a hannu. Ka ce masa fuloti ɗaya kake so ka gina, ragowar rabonka kuma, wanda ya kusa rabin hekta, ya ci gaba da nomawa aro na wasu shekaru da za ku ambata ku rubuta. Ka ce masa ba za a taɓa komai ba sai ya kawar da amfanin gonarsa. Idan akwai ɗorawa ko mangwaro a gefen da kake so, a yi maganarsu a fili. Ka kuma kawo shawarar cewa duk wanda zai sayar da rabonsa a cikinku, sai ya fara yi wa 'yan'uwa tayi kafin bare. Wannan ma yana da asali a fiƙihu, abin da malamai ke kira shufu'a, inda abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba yake da fifiko a kan mai saye na waje. Mutumin da ya ga cewa bayan rabo zai ci gaba da noma nasa da mafi yawan naka, watakila har da na Inna, zai saurare ka da wani kunne daban.

Inna kuma, kada ka mayar da ita alƙali tsakanin 'ya'yanta biyu. Duk wanda ta goya wa baya, ta kwana da ciwon ɗayan. Ka je ka gaya mata cewa ka fasa gaggawa, kana so a raba gado yadda Allah Ya ce don kowa ya ci halaliyarsa, hatsinta kuma ba zai yanke ba ko da daga aljihunka ne. Sannan ka nemi wani babba da Yaya ke jin nauyinsa, baffanku ko kawunku ko limamin da ya sallaci Baba, shi ya kira zaman. Ƙannenka mata kuwa, na lura a wasiƙarka ba ka faɗi ra'ayinsu ba, ina kyautata zaton ba a tambaye su ba ne. Su biyun a haɗe rabonsu daidai yake da naka. Ka kira kowacce ka ji ta bakinta ita kanta. Sau da yawa mace kan yi shiru don kunya, a ɗauka ta yafe, alhali tana da buƙatar da ta fi ta kowa.

Sai maganar hukuma. Mai unguwa ya faɗi abin da ya sani, kuma kada ka raina shi, don za ka buƙace shi: shi da dagaci da hakimi su ne shaidun cewa gonar ta gidanku ce, su suka san iyakoki, kuma ana neman tabbacinsu idan aka zo yi wa filin gado takarda. Amma ba shi da hurumin ba da izinin gini, kuma ranar da aka zo da jan fenti ba shi za a tambaya ba. Abokin aikinka ya fi kusa da gaskiya.

Tun 1978, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a, kuma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba dokar kariya ta musamman. Abin da ni da kai muke riƙewa haƙƙin zama da amfani ne. Dokar ta kasa ƙasa gida biyu. Akwai yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, gwamnan ne ke ba da haƙƙin mallaka a cikinsa. Akwai kuma wanda ba birni ba, inda ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya don noma ko gidan zama. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, birni a idon doka ba ya nufin inda kwalta da shaguna suka tsaya. Layi ne a taswira, kuma yana iya haɗiye gonar da har yau dawa ce a tsaye a cikinta. Garin Gombe tun da ya zama babban birnin jiha a 1996 yake faɗaɗa, ya cika ƙaramar hukumarsa ya tsallaka cikin Akko da Kwami da Yamaltu/Deba. Gonar da ke gaba da Tumfure tana iya kasancewa a cikin wannan layi. Idan tana ciki, sashe na 43 na dokar ya hana kafa gini ko katanga ko shinge a filin da mutum ba shi da halastaccen haƙƙi ko lasisi a kansa. Idan kuma tana waje, sashe na 36 ya amince wa wanda ke noma gona tun kafin dokar ya ci gaba da riƙe ta don noma, amma ya hana a yayyanka irin wannan gona a mayar da ita fulotai kai tsaye. Ta kowane gefe ka duba, gona ba ta zama filin gida don kawai mai ita ya ga dama.

Don haka kuɗin farko da za ka kashe bayan zaman gida, na safiyo ne. Ku nemi safiyo mai rajista, ba mai igiya ba, ya auna gonar gaba ɗaya, ya kafa sumuntin iyaka, ya fitar da zane mai lambobin da ke nuna ainihin wurin. Ku haɗa kuɗin ku biyar gwargwadon rabo, tunda kowa zai amfana, kuma awon zai sauƙaƙa rabon gadon kansa. Da wannan zane za ka je GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye da harkar takardun mallaka a jihar Gombe, ka nemi a ɗora gonar a kan taswirarsu. Tambayoyinka a can su ne: gonar tana cikin yankin birni ko waje? Gwamnati ta taɓa karɓe wurin ko ta shata unguwa a kansa? An tsara wata hanya ko makaranta ko kasuwa da za ta bi ta ciki? Akwai wani da ya riga ya yi takarda a kan wurin? Wannan ta ƙarshe kada ta ba ka mamaki, ana samun gonar da magada ke nomawa alhali wani ya daɗe da sayar da ita a ɓoye. Amsoshin nan su za su gaya maka ko a ci gaba ko a sake shawara, kuma wahalar sanin su ba komai ba ce idan aka kwatanta da asarar gini.

Idan wurin ya fita lafiya, sai ka nemi takardar mallaka a kan rabonka da sunanka, kana riƙe da takardar rabon gado da zanen safiyo da shaidar masu sarauta. Idan a wajen birni ne, hanyar takan fara daga sashen filaye na ƙaramar hukuma a Kumo. Idan a ciki ne, takardar gwamna ce, wadda kowa ke kira C of O, kuma ta gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa. Ka buɗe ido a nan: kowace takarda tana ɗauke da manufar da aka ba da filin dominta. Idan aka rubuta noma, to noma ne, sai ka sake neman a sauya manufa zuwa gidan zama, a duba, a amince, ka biya abin da aka yanka. Tunda gonarku ba ta da takarda tukuna, ka faɗi gaskiyar niyyarka tun farko: wannan yanki na gida ne, wancan na noma. Tun ran gini tun ran zane. Idan kuma ƙannenka da Inna suna tunanin sayar da nasu a matsayin fulotai nan gaba, gara ku haɗu a zana wa gonar tsari guda, da tituna masu faɗi da hanyar ruwa, a kai hukuma ta amince. Unguwannin awon igiya da ka sani, inda mota ba ta iya juyawa kuma ruwan gidan wani ke bi ta zauren wani, daga rashin wannan suka samo asali.

Takardar mallaka daban, izinin gini daban. Na biyun yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA. Za ka kai zanen gidan da ƙwararren mai zane ya yi, da zanen yadda gidan zai zauna a cikin fulotin, da shaidar mallaka, su zo su duba wurin, su buga hatimi. Ko ɗaki uku ne a yi zanen, har da inda masai da sokawe za su zauna da inda za ka ƙara ɗakuna idan Allah Ya hore. Ka ajiye kofi ɗaya a wurin aikin. Duk kuɗin da za ka biya, ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ka karɓi rasit mai sunanka. Za ka haɗu da masu cewa kawo kaza in fitar maka a sati ɗaya. Ka yi musu godiya ka wuce, ka shiga ofis da ƙafarka. Kai malami ne, cike fom ba zai gagare ka ba.

Akwai amfanin takardun nan da ya wuce tsoron rusau. Doka ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da ake biya kuma ta abin da ke kan ƙasar ce, gini da amfanin gona da itatuwa. Mai ginin da ba izini yana shiga wannan magana da rauni, yana iya tashi a tutar babu. Haka nan idan ana cire maka kashi 2.5 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, ba za ka iya neman rancen gina gida daga can ba sai da takardar mallaka ingantacciya.

Ina so in daɗe kaɗan a kan bakin hanyar nan da ka zaɓa, don ita ce ta fi ba ni tsoro. Idan babbar hanyar tarayya ce, kamar wadda ta tashi daga Gombe zuwa Bauchi, gwamnati na da mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe, duk abin da aka gina a ciki a bakin katafila yake. Idan ƙaramar hanya ce, ita ma tana da tazararta, kuma hanyar da yau amalanke ke bi gobe ita ake faɗaɗawa. Ka ɗaga kai ka duba waya: babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 yana da filin mita 30 da ba a gini a ciki, mai 330 kuma mita 50. Ka tambayi tsofaffin wurin ko burtali ya taɓa bi ta gefen gonar, don gida a kan burtali rigima ce da ba ta ƙarewa. Sannan ka duba ƙasa. Kai ɗan Gombe ne, ba sai na ba ka labarin zaizaya ba. Na taɓa zuwa gaisuwa gidan wani ɗan'uwa a bayan gari, ya ja hannuna zuwa bayan ɗakinsa. Lokacin da ya sayi wurin, in ji shi, ɗan kwararo ne da yaro ke tsallakewa. Ranar da na je, kwarin ya fi tsayin mutum biyu zurfi, rabin katangarsa na kwance a ciki, buhunan yashin da ya jera sun yage, tushen wata darbejiya na reto a iska. Ya ce duk daren da hadari ya haɗu, a zaune yake kwana. Tun da gona take gona, kunya da ciyawa ke shanye ruwa. Da zarar kwano da siminti sun rufe wuri, ruwan sai ya nemi hanya da ƙarfi. Yaya ya fi kowane injiniya sanin inda ruwa ke bi a gonar nan cikin watan Agusta, kuma tambayarsa wannan ma wata ƙofa ce ta shiga zuciyarsa. Idan ƙasar baƙar laka ce mai tsattsagewa da rani ta kumbura da damina, fandishon da aka saba ba zai riƙe ba, sai ka ga bango ya tsage kafin a yi fenti. A nan kuɗin injiniya ba asara ba ne.

Uwargida tana da gaskiya da ta gaji, ita ke wuni a gidan hayar, ita ke haɗiye maganganun da kai ba ka ji. Amma ka ɗauke ta ku je gonar tare, sau ɗaya da rana, sau ɗaya dab da magariba. Ta ga nisan maƙwabci mafi kusa. Ku yi maganar ruwa, don ruwan famfon Gombe daga Dadin Kowa ake turo shi, ba kowace sabuwar unguwa ya kai ba, kuma a wasu sassan Akko ruwan ƙasa na da nisa ƙwarai, rijiyar burtsatse na iya cin kuɗin da ya kai na ɗaki. Ku lissafa kuɗin mashin na yara huɗu zuwa makaranta kullum, da naka zuwa wurin aiki, da yadda za a yi idan ciwo ya tashi da tsakar dare. Ta yiwu ta ce ta ji ta gani. Ta yiwu kuma ita da kanta ta ce a sake dubawa.

Idan aka sake dubawa, kana da wata hanya mai kyau. Bayan rabo, da amincewar hukumar da abin ya shafa, kana iya sayar da wani yanki na rabonka, ka fara yi wa Yaya tayi ko da biya a hankali ne, ka sayi fuloti mai ƙafa 50 da 100 a unguwar da aka riga aka shata, mai takarda, kusa da ruwa da makaranta. Bulonka ya tafi can. Ko ku yi musaya a cikin gida, ka bar bakin hanya ka ɗauki tudu mai kyau daga ciki, a fitar maka da hanyar shiga a rubuce. Ni da za ka tambaye ni wanne na fi so, zan ce ka jira amsar taswira kafin ka ƙulla zuciyarka a kan wani gefe.

Duk wannan zai ɗauki watanni, ba zan ɓoye maka ba, kuma akwai yiwuwar ka sake biyan hayar shekara guda. Ka je wurin mai gida tun yanzu ka nemi ya karɓa kashi biyu, ko ka fara neman wani gidan mai sauƙi ko da ya fi ƙanƙanta. Bashin ƙungiya ka ci gaba da biya a kan lokaci, kada ka ƙara cin wani sai takardu sun fito. Damina ta wuce a kan rabo da awo da zirga-zirgar ofis, in Allah Ya yarda rani ya same ka da izini a hannu.

Juma'ar nan in an sauko masallaci, kada ka kira waya. Ka sayi ɗan tsaraba na yara ka tafi gidan Yaya da ƙafarka, ka zauna a zaurensa, ka gaishe shi, ka tambaye shi yadda taki ya yi tsada bana. Idan maganar gona ta taso, ka ce masa ka yi gaggawa da ka buga bulo ba ka shawarce shi ba, kuma ba za ka sa ko tsinke a gonar ba sai an zauna. Idan ba ta taso ba, ka bar ta, ka koma mako mai zuwa tare da baffanku. In an ɗora gonar a taswira, ka sake rubuto mini abin da aka ce maka, mu duba mataki na gaba tare. Ka gaishe mini da Inna.